Man shafawa uku a kanti: me ke cikin kowanne, kuma wanne ke maganin me?

Mai kanti, Kasuwar Dole:

Assalamu alaikum, barkanmu da sanyi. Tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa a Damagaram tambayar masu saye ɗaya ce: wane mai ne zai hana fata yin furu-furu, ƙafa ta daina faso? Wasu kuma su ƙara da wanda zai cire tabo. Ga uku da suka fi fita, na kwafo abin da ke rubuce a bayansu. Na farko babbar roba ce mai famfo, an sa mata Lait corporel: Aqua, Paraffinum Liquidum, Glycerin, Cetyl Alcohol, Parfum. Na biyu Crème ne a roba mai faɗin baki: Aqua, Urea 10%, Glycerin, Butyrospermum Parkii Butter, Dimethicone. Na uku ɗan tub ne na giram 30, an rubuta éclaircissant, wato mai haska fata, da manyan baƙaƙe, can ƙasa kuma da ƙanana Clobetasol propionate 0,05%. Shi ya fi araha, shi kuma aka fi yabo. Mene ne bambancinsu? Basilin da man kaɗanyarmu na gida kuma ina suka tsaya a cikinsu?

Ma'aikacin farmasi, Sabon Gari:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin kyauta da kika juya robar, don gaban kwali talla ne. Ƙa'idar rubutun bayan ita ce a jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, sai waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su ana zuba su a ƙarshe yadda aka ga dama. Kenan sunaye biyar na farko su ne man. In an zana karas ko zuma a gaba amma sunansu ya zo bayan Parfum, ɗigo kawai aka sa.

Abin da ke busar da fata a hunturu ba rashin maiƙo ba ne, ruwan da ke cikinta ne iska ke kwashewa. Gilisarin da yuriya aikinsu jawo ruwa su riƙe shi a saman fata. Basilin, Paraffinum Liquidum da Dimethicone ba sa ƙara ruwa ko kaɗan, murfi ne su, kamar faifan da ake kifawa a bakin randa. Basilin ya fi su duka rufewa, yana tare wajen kashi 98 cikin 100 na ruwan da zai fita. Butyrospermum Parkii kuwa man kaɗanya ne aka ba shi sunan boko, wanda Faransawa ke ce wa karité. Yana cike 'yan tsagogin fata ta yi laushi, yana kuma ɗan rufewa.

Na farkonki ruwa ya fi yawa a ciki. Ya dace da Afrilu da Mayu, lokacin da jiki ba ya son abu mai nauyi, amma a Disamba da Janairu kafin azahar fata ta koma fari. Kada kalmar Cetyl Alcohol ta tayar wa kowa da hankali: ba barasa ba ce, wani daskararren maiƙo ne da ke sa man ya yi kauri, ba ya busar da fata. Wanda ke busarwa shi ne Alcohol Denat, in ya zo a sahun farko.

Na biyu shi ne man hunturu na gaske, don ya haɗa mai jawo ruwa da murfi a roba ɗaya. Yuriya ta kashi 5 zuwa 10 ta jiki ce. Daga kashi 20 zuwa 40 aikinta ya canza, tana narkar da mataccen kaushi, saboda haka ta diddige ce kawai, ba a kai ta fuska. Ga mai faso: ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10, ta goge da dutsen kaushi a hankali, ta tsane, ta shafa mai yuriya, ta bi da basilin, ta sa safar auduga ta kwana. Kullum har mako biyu. In fason ya buɗe yana jini, yuriya za ta yi raɗaɗi, sai a tsaya ga basilin har ya rufe. Kada a yanke kaushi da reza, mai ciwon suga kuma ya kai ƙafarsa asibiti, kada ya taɓa ta da dutse ma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lokacin shafawa. A shafa cikin minti 3 da fitowa wanka, jiki na da sauran danshi. Basilin a kan busasshiyar fata sheƙi zai yi, ƙura ta manne, don ruwan da zai tare ba shi da yawa. Babban mutum yana cin giram 20 zuwa 30 in zai shafe jiki duka, kenan robar giram 200 ba ta wuce kwana goma ga mai shafawa kullum. Wadda ta ce man bai yi mata aiki ba, a tambaye ta wata nawa robar ta yi a hannunta.

Na ukun ba man shafawa ba ne, magani ne. Na bar wa masu ganin abin da yake haifarwa su yi bayani.

Ma'aikaciyar jinya, Birni:

Hajiya, don Allah ki sauke wannan tub ɗin daga kanta. Clobetasol yana cikin mafiya ƙarfi a dangin kotizon, wato magungunan kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Likita na rubuta shi ne ga cutar fata mai tsanani, a shafa siriri a daidai wurin, yawanci bai wuce mako biyu ba, kuma ba a fuska ba. Hasken da yake sa wa ba gyara ba ne: yana matse ƙananan hanyoyin jini, yana danne launin fata, yana kuma cinye kaurinta. Shi ya sa cikin mako guda ake ganin sauyi, ake ta yabo.

Abin da ke biyo baya bayan watanni shi ne fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa masu faɗi ja-ja su fito a hammata da cinya, kuma waɗannan ba sa komawa. Ƙuraje su cika fuska, gashi ya tsiro a haɓa, kyasbi da makero su bazu don an kashe garkuwar fata. Mai shafe jiki duka kuwa maganin yana shiga jini, ya kawo hawan jini da ciwon suga. A ɗakin haihuwa ma yana da illa, don fatar da ta yi siriri ba ta riƙe ɗinki da kyau bayan tiyata. Ku duba sunayen nan: Betamethasone, Clobetasol, Fluocinonide, duk gida ɗaya ne. Haka tub ɗin nan mai haɗin magani uku da ake saye don ƙaiƙayi, akwai Betamethasone a yawancinsu.

Sauran biyun da ake ɓoyewa a man bilicin su ne Hydroquinone da zaiba. Hydroquinone magani ne na gaske ga tabo, kashi 2 zuwa 4, a kan tabon kaɗai, wata uku zuwa huɗu a hannun likita. In aka ɗauki shekaru ana shafa shi ana shiga ranar Damagaram, sai ya juya: kumatu da goshi su yi baƙi mai shuɗi-shuɗi wanda ke da wuyar magani ƙwarai. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliyar fata tun 2001, Kodebuwa kuma ta haramta irin waɗannan mayukan a 2015. Zaiba ana rubuta ta Mercure ko Calomel, sau da yawa ma ba a rubutawa. Ƙoda take lalatawa, tana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono.

Wadda ta daɗe tana shafa kotizon kada ta yanke rana ɗaya. Fatar za ta yi ja, ta yi zafi da ƙaiƙayi, jiki ma yana iya yin rauni sosai. A je wurin likita ya tsara yadda za a rage a hankali.

Mai kanti, Kasuwar Dole:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To Yaya, masu matse tub ɗaya cikin babbar roba su gauraya, suna cewa ya rage ƙarfi, fa? Mai tabon ƙuraje kuma me zan nuna mata?

Ma'aikaciyar jinya, Birni:

Gaurayawar ta fi muni. Maganin da aka yi don wuri kamar tafin hannu ya koma ana shafa shi daga wuya zuwa ƙafa kullum, wani lokaci har yara a gida su shafa daga robar. Duk haɗin da aka ɗura a kwalba babu rubutu, a ɗauka akwai shi a ciki.

Ma'aikacin farmasi, Sabon Gari:

Ga tabo, Hajiya, akwai masu aiki ba tare da cinye fata ba, sai dai suna son haƙuri, mako 8 zuwa 12 kafin a ga bambanci. Niacinamide kashi 4 zuwa 5, safe da dare, shi ya fi sauƙi ga fata. Acide azélaïque kashi 15 zuwa 20 yana maganin ƙurajen da tabonsu gaba ɗaya, mai ciki ma tana iya shafawa. Bitamin C yana aiki amma zafinmu na kashe shi: in ruwan kwalbar ya koma launin shayi, ya lalace. Rétinol da Trétinoïne da dare kawai, kamar ƙwayar wake ga fuska duka, a fara da sau biyu a mako, kuma mai ciki ko mai neman ciki ta nisance su.

Duk waɗannan asarar kuɗi ce in babu man kariyar rana. SPF 30 ko sama, wato lambar ƙarfin kariyar da ake rubutawa a jikin robar, tsawon yatsu biyu ga fuska da wuya, a sake bayan awa biyu in ana waje. Rana ce ke ƙara dafa tabo. Masu Zinc Oxide suna barin fari-fari a baƙar fata, sai a nemi wanda aka ɗan sa wa launi. Lemon tsami kuma kada ya hau fuska, da shi da rana ƙuna suke yi.

Sabon mai kowane iri, a gwada shi a cikin gwiwar hannu sau biyu a rana har mako guda. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, sau da yawa Parfum ne mai laifin, sai a nemi wanda aka rubuta sans parfum, wato marar turare.

Mai sayar da man kaɗanya, Zango:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma kada a sa mutane su ga sai da na kanti. Wanda ba shi da kuɗin mai yuriya, gilisarin na farmasi da man kaɗanya sun ishe shi hunturu. Ɗigo 3 zuwa 4 na gilisarin a jiƙaƙƙen tafin hannu, a murza a shafa, sannan a narkar da man kaɗanya a tafi a bi da shi. Gilisarin zallansa ba a shafa shi, danƙo yake yi ya kwashi ƙura. Kada kuma a zuba ruwa a cikin robar man don a ajiye, tunda babu sinadarin hana ruɓewa, cikin 'yan kwanaki zai yi fumfuna. A tafin hannu ake haɗin, na lokacin kawai.

Mai ƙurajen fuska ta bar man kwakwa, yana toshe ƙofofin gashi. Jariri mai busasshiyar fata kuma basilin fari marar ƙamshi ko man kaɗanya tsantsa ya fi masa man zaitun. Man kaɗanyar da ya yi tsaki-tsaki kamar yashi bai lalace ba, narkewa ya yi ya daskare a hankali: a ɗora kwanon a kan ruwan zafi ya narke sarai, a sa shi wuri mai sanyi ya kama da sauri. Wanda ya lalace warin tsohon man suya yake yi, shi kam a zubar. A ajiye shi a rufe, a inuwa, a riƙa ɗiba da busasshen cokali.