Tiyon HPLC ɗinmu na yawan toshewa, a ba mu shawara

Nafisa: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu aiki da HPLC (injin da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfur), firesha, wato matsin ruwa, ne yake ta hawa a namu har injin ya tsaya da kansa, in an canza tiyo ya ɗan lafa sai kuma ya dawo. Bafar fosfet (ruwan gishirin da ke daidaita tsami) muke haɗawa da sinadarin asetonaitiril muna turawa cikin injin.

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam. Da jin fosfet da asetonaitiril na san inda matsalar take. Gishirin fosfet ba ya narkewa idan asetonaitiril ya yi yawa, sai ya daskare a cikin tiyo da kan famfo, har za ki ga farin gari a bakin mahaɗa. In kin tashi aiki kar ki wuce kai tsaye zuwa asetonaitiril zalla, ki fara wankewa da ruwa mai kashi 10 na metanol kamar minti 30, bayan nan ki ƙara metanol ɗin sannan ki kashe. Bafa ba ta kwana a inji.

Auwal: Gaskiya ne Malam, amma wani lokacin ba da son mutum ba ne, ana tsaka da aiki a ɗauke wuta bafa ta tsaya cak a ciki har washegari, shi ya sa mu sai da muka matsa aka sa mana inbata, ko ba komai a samu a wanke kafin a rufe.

Dakta Hauwa: Nafisa kuna tace bafar kuwa? A tace da filta mai ramuka maikron 0.45, in UHPLC ne (nau'in injin mai firesha mafi girma) 0.22. Samfur ma a tace shi da filtar sirinji kafin ya shiga kwalba. Kuma a daina ƙara sabuwar bafa a kan tsohuwa, da zafin nan namu kwana biyu ya isa ƙwayoyin cuta su fara tsiro a ciki. Lokacin hunturu a rufe bakin kwalabe saboda ƙura.

Nafisa: Samfur muna tacewa Dakta, bafar ce dai ake haɗa ta mako guda.

Malam Sabi'u: To a rage, a riƙa haɗa ta kwana ɗaya ko biyu. Sannan kafin ki sake yanke tiyo ki nemo wurin toshewar tukuna, ki kwance daga ɓangaren ditekta (na'urar da ke gano sinadaran a ƙarshen layi) ki riƙa dawowa baya ɗaya bayan ɗaya famfo na tafiya a hankali, inda firesha ya faɗi nan ne.

Auwal: Ki duba sil ɗin famfo (zoben da ke hana yoyo) ma, in ya tsufa yana zubar da ɓurɓushi. Ku sa ƙaramar filta mai maikron 0.5 tsakanin wurin shigar da samfur da kolom (bututun da ke rarrabe sinadaran), ita ce za ta toshe a madadin kolom kuma canza ta ba tsada. Jan tiyon roba ɗin nan da ake kira PEEK inci 0.005 ne faɗin cikinsa, in aka yanke da almakashi ko aka ɗaure mahaɗa da sifana bakin matsewa yake, da hannu ake ɗaurewa.

Nafisa: Allah ya saka da alheri. Auwal turo min hoton filtar in nuna wa oga.