Makirufo mai araha ko mai tsada: abin da aka tattauna

'Yan uwa, na tattaro abin da aka faɗa kan ɗaukar murya.

1. Kusan kowa ya yarda ɗaki ya fi makirufo muhimmanci. In ɗakin na amsa-kuwwa ko fanka na juyawa, ko makirufo mai tsada irin Neumann U87 ka kafa sai ya kwaso duk hayaniyar, don shi kondensa ne, wato nau'in makirufo mai saurin kama sauti, ba ya barin komai. Labule mai kauri da soso a bango su ne farko.

2. Ga masu farawa, da yawa sun ce makirufon Audio-Technica AT2020 ya isa, amma sai intafes ɗinka (na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta) na ba da wutar 48V.

3. Ɗaki mai hayaniya, a nemi dainamik, wato nau'in makirufon da ba ya kwaso hayaniya sosai, irin Shure SM7B, sai dai yana son a ƙara masa "gain" (ƙarfin sautin da ke shiga) sosai.

Inda aka rabu kuwa: wasu sun ce bayan miksin (gyara da daidaita sauti) ba mai gane bambanci tsakanin makirufo mai araha da mai tsada, wasu suka ce a'a, mai arahan yana kaifafa sautin "s" har ya soki kunne, mai tsadan kuma muryar na fitowa da kauri ba sai an sha wahalar gyara ba. Ni dai na fi karkata ga masu cewa ka gwada da muryarka kafin ka biya.