Neman kalma: me za mu kira "aggregate" da Hausa?

Jama'a, musamman injiniyoyi da magina na nan Kaduna, ina neman kalmar da za ta tsaya a madadin "aggregate", wato duk wani abu mai tauri da ake kwaɓawa da siminti da ruwa a samu kankare, ko kwaɓin ɗora bulo da na fulasta.

Na san da yawa za ku ce ai yashi da tsakuwa ne. A wurin aikinmu haka ne, tunda yashin Kogin Kaduna da fasasshen dutse muka sani. Amma a Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom, inda dutse ke wuya sai an ɗauko shi daga nesa, an daɗe ana zuba ɓawon 'yar katantanwar ruwan nan da 'yan kudu ke sa wa a miya. A cinye naman, ɓawon ya taru tsibi-tsibi a bakin ruwa, magini ya kwashe ya yi daɓe da shi. To wannan ba tsakuwa ba ne, ba yashi ba ne, amma aikinsu yake yi. Ɗalibin Kadpoly, kwalejin fasaha ta Kaduna, da zai yi wa birkila bayanin wannan da Hausa, wane suna zai kira shi da su duka?

Kuma abin ba ƙarami ba ne: kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na jikin kankare "aggregate" ne.

Wani dattijon magini a Rigasa ya ba ni "ciko". Na yi ta juya ta, amma ba ta zauna mini ba. A bakin magina ciko shi ne jar ƙasar da ake zubawa a cikin fandisho kafin daɓe, kuma kalmar tana sa a ɗauka kowane tarkace ya wadatar. A nan haɗarin yake. Ɓawon teku yana zuwa da gishiri da sauran nama a jikinsa. In ba a wanke shi tas an shanya ba, gishirin zai sa rodi tsatsa daga ciki, kankaren ya tsage. Ga shi wani ɓawon falle-falle ne, wani mai rami, yana shan kwaɓi da yawa, ƙarfinsa bai kai na dutse ba. Ya yi a daɓe da hanyar ƙafa da ƙananan ayyuka, amma ban yarda a zuba shi a ginshiƙin bene ba tare da an gwada ƙarfinsa ba.

An kuma ambaci "ramno", busasshiyar ciyawar da ake cuɗawa da ƙasar gini. Ina son kalmar ƙwarai, tamu ce ta gado, sai dai aikin ramno hana tsagewa ne, ya fi kusa da na rodi. "Tsaba" kuwa, in ka ce tsabar kankare za a ji kamar kana nufin zallar kankare.

Ni dai na tsaya a kan "mahaɗin siminti". Kamar yadda ƙosai yake mahaɗin koko, abu ne mai zaman kansa da ake zaɓa, ana duba kyansa. Yashi ƙaramin mahaɗi, tsakuwa babban mahaɗi. Ɓawo yana iya zama kowanne: a bar shi yadda yake ya zama babba, a niƙa shi ya shiga gurbin wani kaso na yashi. Ma'aunin 1:2:4 ma sai ya faɗu cikin sauƙi: siminti ɗaya, ƙaramin mahaɗi biyu, babba huɗu.

Mai cewa ai ruwa ma mahaɗi ne, na ji, amma a wurin aiki ba wanda zai ce a kawo tifar mahaɗi a kawo masa tankar ruwa.

In an ƙona ɓawon kuwa ya fita daga wannan suna. Fiye da kashi 90 na jikinsa sinadari ɗaya ne da dutsen farar ƙasa da ake ƙonawa a masana'antun siminti na Obajana da Kalambaina. A gaɓar Jojiya da Karolina ta Kudu a Amurka, a ƙarni na 18 da 19, an ƙona ɓawon wata halittar teku da ake kira kawa ya zama abin ɗanko, aka kwaɓa shi da yashi da ɓawon da ba a ƙona ba, wasu bangayen suna tsaye har yau. Wanda ba a ƙona ba shi ne mahaɗin.

Saura sunan ɓawon kansa. Mutanenmu na bakin kogi, ƙumba kuke ce wa na ruwa ko makankari? In ɗaya ta fi yaɗuwa, sai mu ce kankaren ƙumba mu bar kankaren ɓawo.