Wasan cike gurbi mai jigo: ta ina ake kama shi?

Nafisa: Salamu alaikum iyaye da yayye. Wasan cike gurbin nan na jaridar New York Times, wanda ake amsa tambayoyi a cike gidajen allo da kalmomi kwance da tsaye, mai jigo, ta ina ake farawa? Dogayen amsoshin ne ke tsayar da mutum.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Bar dogayen tukuna, 'yata. Fara da gajerun kalmomi masu harafi 3 ko 4, kuma da na Litinin. Shi ne mafi sauƙi, daga nan yana ta ƙara tsauri har Asabar.

Kabiru Farin Gada: Fensir da magogi. Ban da biro.

Malam Sabo: Allon ranakun mako gida 15 ne kwance, 15 tsaye, na Lahadi 21 da 21. Jigon yana cikin dogayen amsoshin kwance. Idan kika juya takardar kai a ƙasa, baƙaƙen gidajen suna faɗawa daidai inda suke, don haka doguwar amsar layi na 3 tana da 'yar'uwa mai tsayinta a layi na 13. Sau da yawa akwai amsa ɗaya can ƙasa mai tona asirin jigon, tambayarta kan ambaci lambobin sauran. Da kin samu biyu cikin dogayen, dakata ki duba me ya haɗa su: kalmar farko, ta ƙarshe, ko wata da aka ɓoye a tsakiya. Na Juma'a da Asabar yawanci babu jigo, kada ki wahalar da kanki nemansa.

Hajiya Rabi: Ku gaya mata inda ake karyewa mana. Mu nan rubutun Ingila aka koya mana, su kuma na Amurka suke yi. COLOUR ba matsala ba ce, harafi 6 ba zai shiga gida 5 ba, nan take za ki gane COLOR ake so. Masifar tana wajen CENTRE da CENTER, ko GREY da GRAY. Tsayinsu ɗaya, ta shiga lafiya lau, amma ta lalata kalmomin tsaye da suka ratsa ta. Sai mutum ya yi ta zargin waɗancan yana gogewa, alhali ɓarnar tana kwance. Kusurwa guda ke nan ta tafi, takardar jarida kuwa ba ta jure gogewa uku, sai ta yage. Duk amsar da babu aƙalla haruffa biyu na tsaye da suka tabbatar da ita, a rubuta ta sama-sama. Sannan tambaya in jam'i ce, amsa jam'i ce, kina iya sa S a gidan ƙarshe ki jira, amma ki tuna da irin su MEN da MICE. In an taƙaita kalma a tambaya, amsar ma a taƙaice take. Alamar tambaya a ƙarshe kuwa, wasa da kalma ake yi.

Nafisa: Allah Ya saka da alheri, Mama.

Kabiru Farin Gada: Ni dai na Ingila ya fi gina ƙwaƙwalwa. Irin wanda The Times ke bugawa tun 1930. Ma'anar tana farkon tambaya ko ƙarshenta, sauran duk dabarar harhaɗa haruffa ce.

Ɗanlami: Haba Yaya Kabiru, mai koyo za ka tura can? Kusan rabin gidajen babu kalmar da ta ratsa su. A na Amurka kowane harafi kalma biyu ke riƙe da shi.

Kabiru Farin Gada: Ai shi ya sa.

Anti Ladi: Wai yaushe za mu haɗa namu na Hausa? Jigo ga shi nan birjik: unguwannin Jos kaɗai sun isa, Dilimi, Gangare, Rikkos, Naraguta.

Ɗanlami: Sai mun daidaita kan sh da ts. Gida ɗaya ko biyu?

Malam Sabo: Ɗaya. A abacadar Hausa kowanne harafi ne mai zaman kansa.

Anti Ladi: Malam, a yi haƙuri, biyu ya fi. In "tsuntsu" ya zama gida 5 a madadin 7, kowace kalmar da za ta ratsa dole ita ma ta ɗauki ts a nan. Mai haɗa allon zai sha wuya.

Hajiya Rabi: Wannan mai sauƙi ne. Ku yi maganar ƙugiya. Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne. In aka bari k ta ratsa ƙ, an koya wa yara rubutu mara kyau.

Ɗanlami: A nan ina bayan Hajiya.

Nafisa: Wata tambaya, na Alhamis ɗin nan amsar ta fi gidajen yawa da harafi 2.

Malam Sabo: Alhamis ranar dabara ce. Wani gidan yakan ɗauki haruffa da yawa, har kalma sukutum. Duba ta tsayen da ta ratsa wurin, in ita ma ta yi tsawo da harafi 2, kin samu gidan.

Anti Ladi: Zan zana allo mai gida 9 da 9, sh da ts gida bibbiyu, ƙugiya a matsayinta. Malam ya gwada kafin ya yanke hukunci.

Malam Sabo: Turo shi, Ladi.