Yaran shagonmu sun ƙi buɗe baki a zaman shawara, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wani shagon ɗinki a Zoo Road, mu tara ne. Kasuwa ta ja baya tun bayan Babbar Sallah, shi ne na sa muke zama duk Asabar bayan Azahar, kowa ya kawo dabarar jawo kwastomomi. Na bi ƙa'idar Alex Osborn, mai harkar talla a Amurka da ya yaɗa irin wannan zama: a tara shawarwari da yawa tukuna, ba a kushe ta kowa sai daga baya.

To, da zarar babban telanmu ya yi magana, wanda shi ya koya wa rabinsu ɗinki, sai kowa ya sunkuyar da kai, "haka ne, Baba." Amma jiya a wajen mai shayi ƙaramin cikinsu ya ce mini mu saro yadi a Kantin Kwari, mu ɗinka kayan makaranta kafin a koma hutu. Shawara mai kyau wallahi, kuma a zaman bai ce uffan ba.

Na gwada raba takardu, biyu ba sa rubutun boko, sai kunya ta ƙaru. Cire Baba daga zaman kuwa cin fuska ne, ba zan iya ba. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da haka, ya kuka yi?