Keke zai ishe ni zirga-zirga a cikin Maraɗi in na sayar da mota?

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a unguwar Zariya, wurin aikina yana wajen babbar kasuwa, tafiyar kamar kilomita 5. Tsohuwar mota gare ni, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 man ruwa-ruwa, wanda ake shigo da shi daga can ta bayan fage, ya daina araha, ga gyara, ga inshora. Ina so in sayar da ita in koma keke. Abubuwan da ke tsoratar da ni su ne rairayin cikin unguwa, zafin rana, da cefanen gida. Wane irin keke ya dace, kuma me zan tanada? Ina da mata da yara biyu.

Baba Mai Faci:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kilomita 5 ba tafiya ba ce ga keke, minti 20 zuwa 25 ne ba tare da ka wahalar da kanka ba. Nisa ba shi ne matsalarka ba, rairayi da ƙaya su ne, don haka daga taya za ka fara zaɓe.

Kekuna iri biyu za ka fi samu. Akwai baƙin keken nan mai taya lamba 28, irin su Phoenix, giya ɗaya, birkin ƙarfe, kariya (wurin ɗora kaya na baya) mai ƙarfi. Yana ɗaukar kaya, kayan gyaransa suna ko'ina, amma tayarsa siririya ce, tana nutsewa a rairayi. Akwai kuma mai giya na gwanjo, taya lamba 26 mai faɗi, za ka ga an rubuta 26 x 1.95 ko kusa da haka a gefenta. Ga wanda zai ratsa lungun Zariya kafin ya hau kwalta, wannan na biyun ya fi. Kada ka sayi mai sifirin a tsakiyar jiki, nauyi ne kawai, kuma kariya ba ta zama a kansa da kyau.

In za ka saya, ɗaga kowace ƙafa ka juya ta, ka dubi gare: in yana lilo hagu da dama har yana taɓa robar birki, ya lanƙwashe. Kama taya ka girgiza ta gefe da gefe, in ta yi ƙas-ƙas boris ya ci. Haka za ka yi wa sandar feda. Dubi wuraren walda na jikin keken, musamman ƙarƙashin kai da gindin sirdi. Tsaga ko da siririya ce, bar shi.

Iska kuwa, abin da taya za ta ɗauka yana rubuce a gefenta, yawancin masu faɗin nan daga 40 zuwa 65 ne a ma'aunin masu faci. Sa mata wajen 40 zuwa 45. In ta yi tauri sosai za ta yanka rairayi ta nutse, in ta yi laushi sosai kuma ka daki gefen kwalta, gare zai matse tub ya yi mata huji biyu kusa da juna. In ka ga huji biyu jere, ƙarancin iska ne, ba ƙaya ba.

Ƙaya ita ce babbar abokiyar gaba, tsidau bayan damina, da ta aduwa in ka fita bayan gari. Maganinta: samo tsohuwar tub, yanke bawul, tsaga ta tsawo, ka shimfiɗa ta cikin taya kafin ka sa sabuwar, ta zama rufi biyu. Kuma sayi tub mai kauri, araha ba ta ado. Wajen faci mutane suna kuskure ɗaya: su shafa sholisho su liƙa nan take. Kankare wurin ya yi kaushi, shafa kaɗan, jira kamar minti 5 har ya bar ƙyalli, sannan ka danna faci da ƙarfi. Kafin ka mayar, bi cikin taya da yatsa a hankali, domin ƙayar tana nan zaune, in ba ka cire ta ba gobe za ka dawo.

Kaca: kada ka zuba mata baƙin mai ko giris. Da ƙurar garin nan suna haɗuwa su cinye kaca da haƙoran baya tare. Goge ta da tsumma da ɗan kananzir, bari ta bushe, ɗiga man keken ɗinki ko mai marar kauri a kan kowace gaɓa, sannan ka sake gogewa har waje ya bushe. Man yana aiki ne a ciki. Lokacin hunturu yi haka kowane mako.

Maman Nana:
Malam Ɗan Zariya, Baba ya gama da keken, ni kan mahayin da gida zan yi magana.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma tsakanin ƙarfe 12 da 4 na yamma ba lokacin taka keke ba ne. Fita kafin ƙarfe 7 da rabi, ka ci abincin rana a wurin aiki ko ka tafi da shi, ka dawo bayan la'asar. Zuwa gida cin abinci da tsakar rana shi ne abin da ke sa mutane su ajiye keke bayan mako biyu. Riƙe gorar ruwa ta lita 1, ka sha kafin ƙishirwa ta kama ka. In ka ji jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, sauka ka nemi inuwa, kada ka ce bari in ƙarasa. Kada ka goya jaka a baya, nan gumi ke taruwa. Ɗaure ta a kariya, ka ajiye rigar canji a wurin aiki, ka rage gudu a minti 5 na ƙarshe don jiki ya huce. In da babbar riga ko wando mai faɗi kake, ɗaure ƙafar wandon dama da roba, can kaca take. Da azumi kuwa in ya faɗo cikin bazara, babu laifi ka hau adaidaita wajen dawowa.

Cefane ba matsala ba ne. Kariyar da ke zuwa da kekunan gwanjo yawanci kilo 25 ce iyakarta. Kayan miya, tiya biyu ko uku ta hatsi, ƙaramar tukunyar gas, duk za ta ɗauka. Buhun shinkafa mai kilo 50 ba nata ba ne, wayoyin ƙafar baya za su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan a ba adaidaita sau ɗaya a wata. Kada ka rataya leda a kan keke, tana shiga ƙafar gaba.

Abin da nake so ka zauna ka yi tunani a kai shi ne dare. Yaro ya yi zazzaɓi ƙarfe 2, ko naƙuda ta tashi, keke ba zai kai ku likita ba. Kafin ka sayar da motar, samu lambar mai adaidaita biyu na unguwarku da maƙwabci mai mota, ku yi magana tun da rana, ka kuma ware kuɗin gaggawa a gida. Kuma ka shawarci uwargida, ita ma motar tata ce.

Na Bagalam:
Baba, a yi mini afuwa, ban yarda da kai duka ba a kan mai giya. Abin canza giyar nan yana rataye kusa da ƙasa, keke ya faɗi ta dama sau ɗaya ya lanƙwashe, kaca ta dinga tsalle, kuma ba kowane mai gyara ke da irinsa ba. Maraɗi shimfiɗaɗɗen gari ne, in ba za ka gangara wajen Gulbi ka hau ba, giya 18 ba ta da aikin yi. Shawarata: taya 26 mai faɗi kamar yadda ka ce, amma a cire giyar, a rage kaca, a bar shi kan haƙori ɗaya mai sauƙin takawa.

Ɗan'uwa, a kan titi bi hannun dama, amma kada ka manne da bakin kwalta, nan rairayi ke taruwa ya kwashe ƙafar gaba. Bar kamar mita 1. Kada ka taɓa shiga ta damar babbar mota a mahaɗa, direban ba ya ganinka in zai juya. Kabu-kabu da adaidaita suna tsayawa ba sanarwa in sun hango fasinja, ba su tazara. Fitila fara a gaba, ja a baya, masu caji. In ka shiga rairayi kada ka taɓa birkin gaba, mayar da nauyinka baya ka ci gaba da takawa. Da damina kada ka ratsa ruwan da ba ka ga ƙasansa ba. Kulle kuwa, sarƙa mai kauri da kwaɗo, ta ratsa jikin keken da ƙafar baya ta kama ƙarfe kafaffe.

Ɗan Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ari keke na gwada, gwiwa tana yi mini ciwo. Haka abin yake?

Baba Mai Faci:
Sirdin ya yi ƙasa. Hau, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ɗaga sirdi har ƙafarka ta miƙe. In ka koma takawa da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, shi ne daidai. Akwai layi a jikin sandar sirdin, kada ka zaro ta ta wuce shi. Na Bagalam yana da gaskiya kan giya, amma bar ta tukuna har ƙafarka ta yi ƙwari. Ajiye motar wata ɗaya ba ka tayar da ita don zuwa aiki ba, ka rubuta abin da ka kashe a adaidaita da faci, sannan ka kira dillali.