Amfilifayar jita mai kwalba ta farko: wace taransifoma kuka sa, me kuma ya same ku?

Ɗan Jita, Kano:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni faɗawa wannan rigima. Na ɗaura niyyar haɗa amfilifayar jita mai kwalba (wato bututun gilashi mai ƙara ƙarfin sauti, irin na tsofaffin rediyo) da hannuna, na kuma zaɓi tsarin Fender Champ 5F1 na ƙarshen shekarun 1950 saboda sauƙinsa: kwalabe uku kacal, 12AX7 da 6V6 da 5Y3, ƙarfinsa kamar wat 5. Kwalaben sun iso, rezista da kafasita na tsinto su a Sabon Gari. Taransifomar wuta ce ta tsaya mini a wuya. Abokina da ke Amurka ya ce zai aiko mini da irin tasu, wani kuma ya ce in kai a naɗa mini a nan. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa.

Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tsayar da abokin naka kafin ya biya kuɗin. Ni ta Amurka na sa, mai bolt 120. Na ce ai da sauƙi, sai na haɗa ta da ƙaramar taransifomar rage wuta. Ta yi aiki kam, amma in na yi awa ɗaya ina kaɗi ba na iya ɗora mata tafin hannu, ga wani ƙugi da take yi ko an rufe murya. Daga baya na gane wutarsu tana juyi 60 a daƙiƙa, tamu 50. Wadda aka naɗa don bolt 120 a juyi 60, bolt 100 ne daidai da ita a juyi 50, ni kuwa 115 nake ɗura mata. In dai sai ka sayo daga waje, nemi wadda aka rubuta 50/60 a jikinta, mai wayoyin 230 da 240. Hammond na Kanada suna yin irinta.

Injiniya, Zariya:
Kafin ka sayi komai, ɗauki biro ka yi lissafin abin da kwalabenka ke ci. Zaren 12AX7, wato siririyar wayar da ke ɗumama kwalbar, yana jan amfiya 0.3 a bolt 6.3, na 6V6 yana jan 0.45, ƙaramin ƙwan nuna wuta 0.15. Jimla 0.9 ke nan, don haka mai amfiya 2 ta ishe ka har da rara. Ita 5Y3, kwalbar da ke mayar da wuta mai juyi ta zama miƙaƙƙiya, ba ta cin abinci a kwano ɗaya da su: naɗinta a cikin taransifomar daban, bolt 5, amfiya 2. Babban naɗin kuwa wajen 325-0-325, wato bolt 325 a kowane gefe na wayar tsakiya, miliamfiya 70.

Nawa kuskuren a nan ya faru. Ban sami 5Y3 ba, sai na sa dayod biyu 1N4007 a madadinta, na bar sauran yadda yake a zane. Na manta 5Y3 tana cinye wajen bolt 50 a hanya, dayod kuwa bolt ɗaya ma da ƙyar. Kuma dayod ba ya jira kwalabe su yi ɗumi. Ka ninka 325 da 1.414, za ka ga 460, kafasitata kuma 450 aka rubuta mata. Ba ta fashe ranar farko ba. Kwana na huɗu na ji "fus", ɗaki ya cika da wari, na ga kanta ya kumbura kamar ƙosai. In da dayod za ka yi, naɗin bolt 250 da dayod huɗu sun ba ka kusan 350 kafin kwalabe su fara ja.

Mai Walda:
Ina da taransifomar tsohuwar makirowef a shago, babba ce. Ba za ta yi ba?

Injiniya, Zariya:
Maigida, rufa wa iyalinka asiri. Waccan bolt 2,000 take fitarwa, kuma ƙarshen naɗinta ɗaya a jikin ƙarfenta yake. Ta kashe mutane. Bar ta inda take.

Baba Mai Rediyo, Kaduna:
'Ya'yana, ku abin sha'awa ne a wurinku, mu da shi muka ci abinci. Tawa ta farko ban sayi komai ba, tsohuwar rediyon Grundig na farke, wadda mai ita ya bari bai dawo ba. Taransifomarta na da abin zaɓen wuta a baya, 110, 127, 220, 240. Na murɗa shi zuwa 240, kwalbar EL84 ɗin cikinta da taransifomar lasifikarta duk na yi amfani da su. Sai dai ka lura, EL84 ta fi 6V6 ci, amfiya 0.76 take ja.

Amma ba kowace tsohuwar rediyo ake taɓawa ba. In ka buɗe ka ga sunayen kwalaben sun fara da U, kamar UL84 da UY85, to babu taransifomar wuta a ciki, wutar bango ce kai tsaye a kan farantin ƙarfen da aka ɗora kayan a kai. A rediyo akwatin katako ya kare ka. A jita kuwa wayoyin da kake taɓawa a haɗe suke da wannan farantin. Ka gane sauran.

Batun naɗi, ni na fi son shi, in ka tsaya a kan mai naɗin. Yawancinsu fanka da injin ruwa da taransifomar inbata suka saba, bolt 12 da waya mai kauri. Ka ce musu 300-0-300 da wayar tsakiya, sai su kalle ka. Ga lissafin da aka koya mana: auna faɗin harshen ƙarfen da ake naɗa waya a kai da kaurin jerinsa da santimita, ninka su, raba 45 da abin da ya fito. In ya ba ka 12, zagaye 3.75 ke nan a kowane bolt. Bolt 230 zai ci zagaye 863, na zaren kwalba 24, babban naɗin kuma 1,125 sau biyu. Wannan na ƙarshen ne ke gajiyar da su. Wani yaro ya taɓa naɗa mini, bai sa takarda tsakanin layi da layi ba don ya gama da wuri ya tafi kallon ƙwallo. Sati biyu ta yi, ta ƙone daga ciki. Tun daga nan kujera nake ja in zauna, ina ƙirga tare da shi, in sa a tsoma ta a banish ta kwana.

Ɗan Jita, Kano:
Allah ya ƙara girma, Baba. To yaya zan gwada ta ba tare da na ƙona kwalaben ba?

Baba Mai Rediyo, Kaduna:
Cire kwalaben duka. Sa ƙwan lantarki mai zare, wat 60, a kan wayar wuta ɗaya kafin ta shiga taransifomar. In ya yi ja kaɗan ko bai kama ba, lafiya. In ya haska fes, kashe, akwai inda waya ta haɗu. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aikin. Kuma hannu ɗaya a aljihu in kana awo. Kafasita tana riƙe wuta bayan an zare soket, sa mata rezista 220k ta riƙa tsiyaye ta.

Na Damagaram:
Mu nan ban sami mai naɗi ba, sai na yi dabarar talaka. Taransifo biyu masu bolt 12 na haɗa baki da baki: ta farko ta sauke kuran zuwa 12, ta biyu na juya ta ta maido shi sama. Da dayod huɗu na sami wajen bolt 280. Zaren 12AX7 na ɗauko daga tsakiyar, tunda yana karɓar 12.6 in ka bi ta ƙafa ta 4 da ta 5. Ta farkon ta fi ta biyun girma, don ita ke ɗauke da kayan duka. Abin da ya ba ni wuya janareto ne a wurin biki: in aka kunna firji muryar jita ta dushe, in aka kashe zaren kwalba ya yi haske ya ba ni tsoro. Yanzu mita na fara sawa kafin jita.

Ɗan Jita, Kano:
Na dawo da labari. Na hana abokina aikowa, na kai aka naɗa, na zauna kamar yadda Baba ya ce, har mai naɗin ya ce ko ni ne sufeto. Na sa ya fitar mini da waya ta 220 da ta 240 saboda wutar unguwarmu ba ta zama wuri ɗaya. Ƙwan ya yi ja kaɗan ya lafa. Zaren kwalba bolt 6.4, babbar wuta 342. Ƙugi ya so ya ɓata mini rai, sai na kwance taransifomar lasifika na juya ta gicciye da ta wutar, ya ragu sosai. Saura kaɗan da ke tashi in na ƙure murya. Baba, wayoyin zaren kwalba ban murɗe su ba, ko su ne?

Baba Mai Rediyo, Kaduna:
Su ne. Tufka su kamar igiya, ka kwantar da su a jikin farantin, nesa da wayar shigar jita. Ka tsiyaye kafasita tukuna.